Gaskiya ko Jita-jita: Da Wace Kimiyya Ɗan Karatun Gida Zai Fara Sakandare?

A Amurka, inda doka ta yarda iyaye su koyar da 'ya'yansu a gida a duk jihohi 50, hankalin iyaye ba ya tashi sosai sai yaro ya kai aji 9. Shekarunsa kamar 14 ne a lokacin, sa'an ɗan JSS3 a Najeriya, amma daga wannan ajin ake fara tara sakamakon da jami'a za ta duba. Uwar da ta daɗe tana koyar da sassan tsiro da sunayen taurari hankali kwance, sai a gan ta tana tambayar duk wanda ta haɗu da shi: da wane darasin kimiyya za mu fara? Masu ba da amsa ba su da iyaka, kuma kowa yana faɗin tasa kamar daga kundin doka ya karanto.

Wadda ta fi yawo ita ce wai dole a fara da Bayoloji, sai Kemistiri, a rufe da Fiziks, wanda ya saɓa jeren ya cuci yaro. Gaskiya ne yawancin makarantun ƙasar haka suke yi, amma al'ada ce kawai. Leon Lederman, tsohon shugaban cibiyar bincike ta Fermilab wanda ya ci kyautar Nobel a Fiziks a 1988, ya yi shekaru yana yaƙar wannan jeren. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Bayolojin yau cike yake da maganar sinadarai: DNA, da yadda ganye ke haɗa abinci daga hasken rana, da yadda jiki ke ƙona sukari. Yaron da bai san yadda ƙwayoyin atom ke haɗuwa ba, hadda kawai zai yi. Kemistiri kuma a kan Fiziks yake tsaye. Don haka, in ji shi, a juya jeren baki ɗaya. Sai dai magoya bayansa ma kada su cika baki. Hukumar makarantun birnin San Diego ta wajabta Fiziks a kan duk 'yan aji 9 a farkon shekarun 2000, bayan 'yan shekaru ta janye, saboda iyaye sun yi ta kukan an tsarma darasin, kuma da yawa daga malaman da aka ɗora wa aikin ba fanninsu ba ne.

To, in babu jeren da ya zama tilas, me ke raba gardama? Lissafin yaron. A nan ne iyaye suka fi yin kuskure, domin suna duba shekarun yaro da sha'awarsa, su manta da littafin Aljabara. Ga irin tambayar da Kemistiri zai jefo masa tun watannin farko: gram nawa na iskar oksijin ake buƙata don ƙona gram 4 na haidurojin? Sai ya fara daidaita lissafin haɗuwar, ya gane kashi biyu na haidurojin ne ke cin kashi ɗaya na oksijin. Sai ya mayar da gram 4 zuwa mol 2, ya ga mol 1 na oksijin ake so, ya sake mayar da shi gram 32, ruwan da zai fito kuma gram 36. Ko kwalbar gwaji bai taɓa ba, amma ya yi aikin rabo da nisba sau uku. Yaron da har yanzu yake inda-inda in an ce ya juya ƙa'idar da ke da haruffa uku ya fito da wanda ake nema, zai fito daga wannan shekara yana cewa ya tsani Kemistiri, alhali lissafi ne ya kayar da shi. Irinsa Bayoloji ya fi dacewa da shi a aji 9, ko Fiziks mai sauƙin lissafi irin na littafin Paul Hewitt, yayin da yake kammala Aljabara. Wanda kuwa ya gama ta da kyau tun aji 8, ƙofofin uku duk a buɗe suke gare shi.

Akwai masu cewa ai gwamnati ta riga ta tsara komai, a bi kawai. Wace gwamnatin? A Texas kimiyya ba ta ma cikin darussan da doka ta lissafa wa masu karatun gida. New York tana neman shekara biyu ta kimiyya tsakanin aji 9 da 12, Pennsylvania tana neman uku. Kuma cika sharaɗin jiha daban, gamsar da jami'a daban.

Magana mai nauyi ita ce ta ɗakin gwaji. Ana cewa ba a kimiyyar sakandare a gida tunda babu shi. Rabinta gaskiya ne. Jami'ar California, alal misali, tana neman aƙalla shekara biyu ta kimiyya mai haɗe da gwaji, tana kuma ba da shawarar a yi uku. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa gwaji yana nufin gini mai famfon gas da fararen riguna. A jiƙa soɓorodo a tace, a zuba ruwan a ƙananan kofuna masu haske. A ɗiga lemun tsami a ɗaya, jan ya ƙara fitowa; a zuba jiƙon kanwa a wani, launin ya juye ya yi duhu yana komawa kore-kore. Yaro ya samu ma'aunin tsami da kishiyarsa ke nan, zai iya jera ruwan sabulu, da toka, da tsamiya bisa launin da kowanne ya bayar. A rataye ƙaramin ƙarfe a zare mai tsawon mita 1, a ƙirga lokacin lilo 20 da agogon waya, a raba. Kowane zuwa da dawowa zai kama kusan daƙiƙa 2, daga nan kuma a lissafo ƙarfin jan ƙasa ya faɗo kusa da 9.8. Da madubin likita mai ƙara girma sau 400, ɓawon albasa ya isa a ga ƙwayoyin halitta a jere kamar tubali.

Abin da ke mai da waɗannan kimiyya shi ne rubutu: kwanan wata, abin da aka yi zato, alƙaluman da aka auna, da dalilin da ya sa sakamakon ya kauce. Ni dai ina ganin littafin gwaji mai tabon soɓorodo da kurakurai a ciki ya fi akwatin kayan gwaji mai tsada da ba a buɗe ba. Amma akwai iyaka. Asid mai ƙarfi da sinadarai masu hayaƙi ba na kicin ba ne, shi ya sa iyalai da yawa suke tura yaro ƙaramar kwalejin gari ya ɗauki Kemistiri a can idan ya ƙara girma. Gwaje-gwajen kwamfuta na PhET, wanda Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, kyauta ne kuma suna taimakawa ƙwarai, sai dai a tambayi jami'ar da ake hari ko tana karɓarsu a madadin aikin hannu.

Matsalar rashin ɗakin gwaji ba baƙuwa ba ce a wajenmu a Najeriya. Masu zana WAEC ta masu zaman kansu suna rubuta takardar da ke maye gurbin firaktikal, haka ma Cambridge IGCSE tana da irinta. A Ingila kuwa, a matakin A-level, ana nuna shaidar aikin hannu daban a kan sakamako, kuma wasu jami'o'i, musamman a karatun likita, suna neman a ci ta.

Batun littafi fa, wai duk ɗaya ne, ko mai tsada ya fi? Duka biyun jita-jita ne. OpenStax na Jami'ar Rice da CK-12 suna ba da littattafai masu kyau kyauta, kodayake yawancin na OpenStax matakin jami'a ne. Kuma zaɓin littafi yana da sakamako: a 2008 kotun tarayya ta goyi bayan Jami'ar California da ta ƙi amincewa da wasu darussan makarantun Kirista da aka gina a kan littattafan A Beka da BJU Press. Iyali yana da 'yancin koyar da aƙidarsa, amma jarrabawar AP ta Bayoloji, wadda 'yan sakandare suke zanawa, za ta tambayi yaro yadda masana suke bayanin sauyawar halittu, ko littafinsa ya kawo ko bai kawo ba.

Iyalin da ke da niyyar dawo da yaro Najeriya ya karanci likitanci yana da wani lissafin daban. JAMB tana neman Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks a zama ɗaya, kuma 'yan ajin kimiyya na SS1 zuwa SS3 tare suke ɗaukar darussan kimiyyar ukun shekara uku cur. Wanda ya bi tsarin Amurka na darasi ɗaya a shekara, ya rufe Bayoloji a aji 9, zai shiga ɗakin jarrabawa da abin da ya bari shekara uku baya, sai fa in tun yanzu an ware masa sa'o'in bita a kowane mako.