Jihar Texas Ta Ɗaure Hannunta Kan Harajin Hannun Jari

Ranar 4 ga Nuwamba 2025 mutanen jihar Texas ta ƙasar Amurka suka kaɗa ƙuri'a, suka amince da wani gyara a tsarin mulkin jiharsu. Gyaran ya hana majalisa ɗora haraji a kan saye da sayar da hannun jari. Abin mamaki, dama can Texas ba ta karɓar wannan haraji. To, me ya kawo hanin?

Bari mu koma 2020. A shekarar ne 'yan majalisar jihar New Jersey suka kawo shawarar irin wannan haraji. Manyan kasuwannin hannun jari na New York, waɗanda kwamfutocinsu suke New Jersey, suka ce za su kwashe su zuwa wata jiha. Nan maganar ta mutu. Texas ta ɗauki darasi: ɗan kasuwa inda aka sauƙaƙa masa yake kasa kayansa. Burinta birnin Dallas ya zama cibiyar wannan ciniki.

Amma jama'a, mu duba ɗaya gefen. Dokar majalisa ana iya sauya ta gobe. Tsarin mulki kuwa sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda, sannan a koma ga masu ƙuri'a. Texas ba ta karɓar harajin albashi. Makarantunta galibi sun dogara ne ga harajin gidaje da filaye, da na kayan da kowa yake saye a kanti. Ranar da kuɗi suka gaza, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa? Mu malaman makaranta, wannan tambayar ce take damunmu.