Agadez: Koyar da zambon siyasa a ajin Ingilishi

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sanya Ingilishi cikin harsunan aiki a Nijar. Ga malamin sakandare a Agadez da ke son koyar da zambon siyasa, littafi mafi sauƙin Ingilishi shi ne mafi wuyar buɗewa: Animal Farm na George Orwell, wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara da suna Gandun Dabbobi. Aladu ne suka jagoranci korar maigida, sannan suka gaji bulalarsa.

Orwell da Stalin yake. Amma ɗalibi zai tambaya ko har da wasu, kuma malamin zai amsa ne a garin da aka kama 'yan jaridar Sahara FM uku a watan Mayun 2025.