Mutum Biyu, Jirgi Ɗaya: Zaman Kan Ruwa Daga Tafkin Nokoué

Mutanen Zango a Kwatano ba su da nisa da ruwa. Zemijan ɗaya ne zai sauke ka bakin Dantokpa, inda kwale-kwalen Tofinu ke zuwa da kifi daga Ganvié, garin nan da aka gina bisa turaku a tsakiyar tafkin Nokoué. Amma yawancinmu kifin kawai muke gani. Yadda mutum biyu ke wuni, wani lokaci har su kwana, cikin katakon da faɗinsa bai wuce tabarma ba, wannan ba mu cika tambaya ba.

Har yau akwai jiragen da ba su da inji. Gora ce a tsaye, an ɗaura mata zane, ko buhunan da aka farke aka ɗinke wuri guda. Iskar teku takan taso da rana daga kudu maso yamma, shi ya sa masu komawa Ganvié da la'asar sai su buɗe zane kawai. Zuwan safe kuwa ƙarfin damtse ne, da filafili da doguwar gora, tunda tafkin ba zurfi gare shi ba.

Aikin a rabe yake. Na baya shi ke riƙe da igiyar zane, shi ke juya jirgi. Na gaba yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa, idonsa na kan akaja, wato shingen rassan itace da masunta ke kafawa don tara kifi. Ka yi gyangyaɗi kaɗan, sai dai ka ji jirgi ya maƙale. Miji da mata ne, uwa da 'ya ce, ko wa da ƙani, ba a cewa wannan ne maigida, wancan yaro. Wanda iska ta fi jin maganarsa shi ke baya.

Tafiyar takan yi tsawo. Daga Nokoué ruwa ya haɗe da na Porto-Novo, ya wuce Badagiri har Legas, ba tare da an shiga teku ba. Yanzu jiragen inji sun cinye hanyar, amma matsalar zaman ba ta canza ba. Na farko ruwan sha: da rani gishirin teku na shigowa ta mashigin Kwatano da Faransawa suka haƙa a 1885, don haka jarka ita ce dukiya, kuma kowane kurɓi a gaban idon ɗan'uwanka kake yinsa. Da ambaliya ruwa ya yi daɗi, sai kainuwar Turawa ta rufe hanya. Ga sauro da dare. Ga biyan buƙata, wanda sai abokin tafiya mai kunya, mai iya juya baya ba tare da an roƙe shi ba.

Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne fushi. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A gida idan an saɓa, Malam ya fita majalisa, uwargida ta leƙa maƙwabta, kafin magariba zuciya ta huce. A jirgi ina za ka? Ko tashi tsaye da ƙarfi ka yi, ku biyun ne a ruwa. Dole mai fushin ya ci gaba da kwasar ruwa, wanda aka yi fushin da shi ya ci gaba da tuƙi.

Kada a ɗauka wannan rayuwar wasu ce can. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, bayan shekaru suna noma da ƙwadago a Chadi da Sudan, a bakin Bahar Maliya suka shiga sambuk, jirgin katako mai zane, daga Sawakin zuwa Jidda, tazarar kusan kilomita 300. Kwana nawa? Iska ce ke yankewa. Da yawansu da matansu suke, da goyo, da salkar ruwa guda.

Saboda haka in yaronka ya ce zai bi kaya ta ruwa zuwa Badagiri don gudun shingayen Seme, bayan kuɗin jirgi da rigar ruwa, tambaye shi da wa zai zauna, kuma ko mutumin ya iya iyo.