Alli da Wayar Hannu a Ajujuwan Jos

Tun daga shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya, aka samu tsarar yara da suka buɗe ido suka tarar da ita a hannun iyayensu, alhali da yawa daga cikin malaman da ke koyar da su a makarantun Jos, daga Unguwar Rogo har Bukuru, da alli da allo suka yi nasu karatun. A shekarar ta 2001 ce Ba'amurke Marc Prensky ya kira irin waɗannan yara 'yan asalin duniyar na'ura, manya kuma baƙinta, wato waɗanda suka koyi harkar da girmansu.

Sai dai wannan rabe-raben bai fayyace abin da ke faruwa a aji ba, domin iya latsa waya daban, iya karatu da na'ura daban. Hakan ya fito fili tun 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Akan ga ɗalibin da babban yatsansa ke gudu a WhatsApp da TikTok ya zauna a cibiyar jarrabawa yana lalube, bai san yadda ake riƙe linzamin kwamfuta ba, saboda makarantarsu ba ta da ɗakin kwamfuta, ko kuma tana da shi amma babu wuta. Rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona ya ƙara nuna cewa giɓin ya shafi aljihu, domin 'ya'yan masu hali sun ci gaba da darasi ta intanet, sauran kuma suka zauna jiran a buɗe.

Malamin da ɗalibi ya fi shi saurin nemo amsa a Google yakan ga kamar girmansa ya zube, har ya hana shigowa da waya aji. Amma yaron da ya kwafo amsa cikin daƙiƙa biyar bai san ko sahihiya ce ko ta bogi ba, kuma tantancewar nan aikin malami ce. Saboda haka ya kamata horon da ake ba malamai a Jami'ar Jos da sauran cibiyoyin jihar Filato ya wuce koyon kunna kwamfuta, ya kai ga yadda za a sa ɗalibi ya faɗi inda ya samo amsarsa, ya kuma kare ta da hujja a gaban 'yan ajinsu.