Guba Ta Biyu: Darasin Dalma Ga Masu Son Ceto Matasan Abare Daga Ƙwaya

A farkon shekarar 2010 wata irin mutuwa ta faɗa wa ƙananan yara a ƙauyukan yammacin Zamfara, ta ɗaure wa kowa kai. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga ta biyo baya, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, shiru. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka aika da jinin yaran aka auna, sannan gaskiya ta fito: gubar dalma ce. Dutsen zinarin da ake ɗaukowa daga daji ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, shi ke ɗauke da ita. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, ta hau tabarma da kwanon abinci, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa baki zai kai. Yara fiye da 400 suka rasu. Abare na cikin ƙauyukan da abin ya shafa, ita da Dareta da Sunke da Tungar Daji da Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum.

Yaran da Allah ya tsallakar a wancan lokaci yau sun zama samari da 'yanmata. Wasunsu suna gona, wasu suna ramin haƙar zinari, wasu suna kabu-kabu da babur, wasu kuma rashin tsaro ya kore su zuwa cikin garin Anka ko Gummi ko Gusau. A wannan matakin na rayuwa wata gubar ke jiran su, irin wadda ke jiran tsararsu a ko'ina cikin Arewa. Ita ba a cikin dutse take zuwa ba. Tana zuwa ne a cikin kati da kwalba da ƙullin takarda, kuma da kuɗi ake saye.

Girman matsalar

Bincike mafi faɗi da aka taɓa yi kan shaye-shaye a Najeriya shi ne wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka fitar da sakamakonsa a watan Janairun 2019. Ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani abu mai sa maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zogi irin su tiramadol, miliyan 2.4 kuma ruwan maganin tari mai kodin. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A yankin Arewa maso Yamma an ƙiyasta mutum miliyan 3, a Zamfara kuwa kashi 13.5 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, wato tana biye da Kano a yankin.

Wannan jiha ce da ta riga kowace jiha a Najeriya fara aiki da shari'ar Musulunci, a watan Janairun 2000 zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, aka rufe gidajen giya. Dokar ta yi aikinta a kan kwalbar barasa, domin ita tana da wari, tana da gidan da ake sayar da ita, mai shan ta kuma ba ya ɓuya. Ƙwaya ba haka take ba. Ba ta da wari, kati guda yana shiga aljihun riga, kuma da sunan magani take shigowa gari. Yaron da ba zai yarda a gan shi kusa da giya ba, sai ka same shi yana jefa tiramol a shayi da sassafe, zuciyarsa na gaya masa ai maganin gajiya ne.

Yadda take kama jiki

Tiramadol, wadda aka fi sani da tiramol, maganin asibiti ne na kashe matsanancin ciwo. Abin da aka yarda a sayar a Najeriya shi ne mai nauyin miligiram 50 da 100, shi ma sai da takardar likita. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa kuwa yakan kai 225 ko 250. Idan ya shiga jini yana toshe saƙon zogi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Gajiyar tana nan, ciwon bayan yana nan, mutum ne kawai ba ya ji. Shi ya sa ta samu karɓuwa a wurin masu aikin ƙarfi: mai haƙa a rami, mai fasa dutse, ɗan dako, mai noman ƙodago.

Amma jiki yana sabawa. Ƙwaya ɗaya da ta isa a watan jiya, a wannan watan sai biyu, gaba sai huɗu. Ranar da ba a samu ba sai ciwon gaɓoɓi da gumi da rashin barci da saurin fushi, har ta kai mutum ba don jin daɗi yake sha ba, sai don ya iya tashi daga kan tabarma. Idan ta yi yawa tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma tana iya danne numfashi, musamman in an haɗa ta da kodin ko ƙwayar roci. Sholisho, gam ɗin facin nan da yara ƙanana suka fi shaƙa saboda arharsa, yana lalata ƙwaƙwalwa, yana kuma iya tsayar da zuciya nan take ko da a shaƙar farko ce.

Masana sun tabbatar cewa ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abin da zai biyo baya ya kuma taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Don haka wanda ya fara shaye-shaye da ƙuruciya ya fi saurin kamuwa, ya kuma fi wahalar rabuwa da shi. Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita ma ƙwaya a lokacin take tanƙwara yaro. A ƙauyukan dalma akwai ƙarin abin lura. Dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, tana rage saurin fahimta da natsuwa da iya kame kai, kuma wannan tabo ba ya gogewa. Saurayin da ya sha ƙurar dalma yana jariri, in ya yi saurin hasala ko karatu ya gagare shi, ba lalaci ba ne kuma ba taurin kai ba ne. Shi ne ya fi kowa bukatar a tsare shi daga guba ta biyu.

Abin da aka yi wa dalma

Babu wanda ya ɗauki bulala ya ce wa jaririn Abare don me ka ci ƙasa. Kowa ya gane cewa laifin na inda yaron yake rarrafe ne. Aka hana daka da niƙan dutse a cikin gidaje, aka mayar da aikin bayan gari, da hannun masarauta da masu gari. Ƙwararrun kamfanin TerraGraphics na Amurka da ma'aikatar muhalli ta jiha suka bi gida-gida suna auna ƙasa. Mutanen gari da kansu suka ɗauki fartanya da shebur suka kankare ƙasar da ta gurɓata, aka binne ta a rami nesa da gidaje, aka zubo mai tsabta.

Likitoci kuma suka kafe a kan wata ƙa'ida: maganin fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ba a share ba. Saboda haka yaran Bagega sai da suka jira har 2013, lokacin da aka saki kuɗin share garin, kafin a soma yi musu cikakken magani. Bayan haka ma an ga cewa duk inda aka saki jiki aka dawo da dutse gida, dalma takan dawo cikin jinin yara.

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa a raba shi da ƙwaya ya san irin wannan labarin. Yaro zai dawo fes, ya yi ƙiba, ido ya washe. Sai ya koma majalisarsa ta da, abokan nan dai, mai sayarwar nan dai, zaman banzan nan dai. Wata biyu ba ta cika ba an koma gidan jiya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wata ƙasa mai nisa ta gwada share muhallin matasa, ta kuma ga amfaninsa. A Aisland, a shekarar 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5. Masu shan sigari kullum suka sauko daga kashi 23 zuwa 3. Ba wa'azi kaɗai suka dogara da shi ba. Sun sa dokar hana yara yawon dare, iyayen unguwa suka yi yarjejeniya a tsakaninsu suna zagayawa da daddare, aka ƙarfafa wa iyaye su riƙa zama da 'ya'yansu, hukuma ta tallafa wa wasanni da koyon fasaha bayan tashi daga makaranta. Kuɗinsu ba irin namu ba ne, amma ginshiƙin abin mun gada tun kaka da kakanni: ɗa na kowa ne.

Inda gari zai sa hannu

Farko shi ne sanin inda abin ke fitowa. A ƙauye ba a ɓoye mai sayar da ƙwaya. An san kemis ɗin da ke miƙa wa yaro kati ba takarda, an san mai tallan magani a faranti ranar kasuwa, an san teburin shayin da ake haɗi. Mai gari da liman da dattawa za su iya kiran waɗannan mutane a zauna, a yi alkawari a gaban jama'a cewa ba a sayar wa yaro maganin da ke sa maye, mai faci kuma ya san wanda yake ba sholisho. Wanda ya karya, a miƙa maganarsa ga Hisba ko hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba ga 'yan banga masu sanduna ba. Dokar gwamnati ita kaɗai ba ta wadatar ba. A watan Mayun 2018 aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana guda bayan wani rahoton binciken BBC, amma kasuwar bayan fage ta ci gaba, sababbin ƙwayoyi kuma suka shigo.

Na biyu, wuraren haƙa. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Masu ramuka da shugabannin ƙungiyoyin mahaƙa su ne iyayen gidan samarin da ke shiga ƙarƙashin ƙasa. Su ne za su iya tsara aiki da hutu da karɓa-karɓa yadda lebura ba zai bukaci ƙwaya kafin ya kai yamma ba, su kuma kori mai talla daga bakin rami. Mai buguwa a cikin rami ba kansa kaɗai yake jefawa a hatsari ba.

Na uku, iyaye mata. Uwa ce ke fara ganin alama: jan ido, ƙin abinci, barcin rana, kuɗin da ke ɓacewa a ɗaki, sababbin abokan da ba sa shigowa gaisuwa. Sau da yawa kunya da tsoron bakin duniya ke sa ta yi shiru har abu ya yi nisa. Makarantun Islamiyya na matan aure wuri ne da ya dace a koya wa mata gane waɗannan alamu, a kuma tuna musu cewa 'yanmata da matan aure ma suna faɗawa, galibi a ɓoye.

Na huɗu, lokacin yaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu tsagar da ta kai zaman kashe wando. Bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun a 2021 makarantu sun daɗe a rufe a Zamfara, wasu yaran ba su sake komawa aji ba. Filin ƙwallo mai koci, makarantar dare, koyon ɗinki ko walda ko gyaran waya a wurin mai sana'a na gari, gayyar noma ta samari: duk waɗannan rigakafi ne, kuma ba sai an jira Gusau ko Abuja ba.

Wanda ya riga ya kamu

Shi majinyaci ne, kuma mari da duka ba sa fitar da ƙwaya daga jini. Abin da aka gani a 2019, lokacin da aka buɗe wasu gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, ya isa ishara. Wanda jikinsa ya saba da tiramol yana bukatar ma'aikacin lafiya ya raka shi wajen dainawa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, NDLEA kuma tana da sashen ba da shawara da kula da masu son dainawa. Addu'a da nasihar malamai su tafi tare da magani. In ya dawo, a ba shi aikin yi, a ci abinci da shi kwano ɗaya, a daina kiran sa ɗan ƙwaya. Ko ya sake zamewa kada a yanke ƙauna, domin zamewa na cikin halin wannan ciwo.

Mutanen Abare sun taɓa kankare ƙasar tsakar gidajensu da hannunsu don 'ya'yansu su rayu. Waɗannan 'ya'yan su ne yau ke zaune a majalisa da bakin rami da tashar babura. Iyayen da suka ɗauki fartanya a wancan lokaci ba su yi wahalar don su miƙa yaran ga mai sayar da kati ba. Aikin da ya rage shi ne a sake bi lungu-lungu, a gano inda gubar take kwance, a kankare ta.