Salula taka ce, amma makullinta yana hannun wa?

A babbar kasuwar Maraɗi, ko Kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, cinikin salula kusan iri ɗaya yake ƙarewa. An daidaita, an biya, sai mai saye ya miƙa wa yaron shago wayar ya ce: «Shirya mini ita.» Cikin minti 10 yaro ya saka pus, ya buɗe adireshin Gmail da sunan da ya zo masa a baki, ya ƙaga kalmar sirri, ya sauke WhatsApp da Facebook da TikTok, ya miƙo. Mai waya ya kama hanyar gida yana murna. Bai san sunan adireshin ba, bai san kalmar sirrin ba, ɗan katin roban da aka ɓallo pus daga jikinsa kuwa yana can ƙasa cikin shara.

Muddin wayar tana aljihu, babu wanda zai ga illar haka. Sai ranar da ta faɗi a kan kabu-kabu, ko aka zare ta a cunkoson tasha, ko ta mutu ɗif ta ƙi tashi. A ranar ne mutum yake gane cewa jika 60 ko 80 da ya saye ta su ne ƙaramar asara. Lambobin abokan ciniki sun tafi, hotunan ƴaƴa sun tafi, kuɗin da ke cikin layi suna hannun wani, kuma ga wani can yana aika wa dangi saƙo da sunansa yana neman a turo masa kuɗi. Akasarin wannan ana iya toshe shi da ƴan gyare-gyare a cikin wayar kanta, waɗanda ba sa cin ko dala.

Tunda wayoyinmu galibi da Faransanci suke, zan kawo sunayen wuraren yadda ido zai gan su a allo. Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin yake ƙera su, da Samsung, kowace da yadda ta jera kayanta. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a shiga «Paramètres», wato alamar nan mai kama da haƙoran inji, a taɓa ɗan madubin bincike da ke sama, a rubuta kalmar da ake nema.

Pus ya fi waya tsada

Mutane da yawa suna kulle allon waya, su zaci sun gama. Ɓarawo ba ruwansa da allonka. Zai zare pus ɗin ya zura a wata ƙaramar waya mai maɓalli, shi ke nan lambarka ta zama tasa: kiranka zai shigo wurinsa, saƙonninka za su shigo wurinsa. A yau kuwa lambar waya ita ce ƙofar komai. Airtel Money, Moov Money, Zamani Cash, duk a jikin lamba suke. Manhajojin aika kuɗi da WhatsApp da Facebook, idan suna son tabbatar da cewa kai ne, lambobin sirri suke turowa ta SMS zuwa wannan layin. Wanda ya riƙe pus ya riƙe rabin gidan.

Maganin wannan ya girmi wayoyin shafa-shafa, sai dai an manta da shi: kod PIN na pus. Lambobi 4 ne zuwa 8, kuma a jikin pus suke zaune, ba a jikin waya ba. Duk wayar da aka kai shi, sai ta tambayi kod ɗin kafin ta kama rezo. A rubuta «SIM» a wurin bincike, a nemi «Verrouillage de la carte SIM», a kunna. A ƙananan wayoyi yana ƙarƙashin «Sécurité». Wayar za ta fara tambayar PIN na asali da pus ya zo da shi, wanda sau da yawa 0000 ne ko 1234, bayan nan sai a canza shi da naka.

A nan sai an yi hattara, domin pus ba ya haƙuri da canki-canki. Kuskure sau 3 a jere, ya kulle. Idan ya kulle, sai kod PUK mai lambobi 8 ne zai buɗe shi, kuma PUK yana rubuce ne a jikin katin roban nan da aka yar a shago. Wanda ya yi ta gwada PUK da ka har sau 10, pus ya mutu ke nan, sai dai a je a yi sabo. Don haka idan ka gwada sau 2 bai shiga ba, dakata. Ka kira masu kula da abokan hulɗa na kamfanin layinka, ko ka taka zuwa ajans da katin shaidarka, su ba ka PUK.

Katin shaidar nan ma wata magana ce. Doka ta wajabta a yi wa kowane pus rajista da sunan mai shi, amma sai ka tarar da ɗan kasuwa ya shekara 10 yana harka da layin da aka yi wa rajista da sunan ƙaninsa da ya tafi Libiya, ko da sunan wani yaron da ke sayar da pus a bakin titi. Ranar da layin ya ɓata, ajans ba za ta ba shi lambar ba, don a takarda ba tasa ba ce. Wannan gyara ne na safiya guda, kuma gara a yi shi tun pus yana hannu.

Kod ɗin asusun kuɗi kuma daban yake da PIN na pus, kada a haɗa su lamba ɗaya. Shekarar haihuwa, ko lambobi 4 na ƙarshen layin, su ɓarawo yake fara gwadawa. Na sha ganin kod a rubuce a ƴar takarda, an cusa ta bayan rigar waya. Mai yin haka ya kulle ɗaki ne ya bar makulli a jikin ƙofa.

Kullen allo shi ma yana da nasa amfani, amma zanen nan da ake ja da yatsa, mai kama da L ko Z, maiƙon hannu kawai yana tona shi idan aka karkata wayar ga haske. Lambobi 6 sun fi. Akwai kuma wani ɗan wuri da ake tsallakewa: ko allo yana kulle, wayoyi da yawa suna nuna farkon duk saƙon da ya shigo. Ke nan wanda ya ɗauki wayarka a fada, kana can kana alwala, zai iya karanta kod ɗin da aka turo maka ba tare da ya buɗe komai ba. A nemi «Notifications», a shiga sashen allon kulle, a zaɓi ɓoye abin da ke cikin saƙo.

Sai adireshin Gmail. Shi ne rumbun wayar Android. Idan aka ajiye lambobin mutane a cikinsa, ko waya ta faɗa rijiya, ana saka adireshin a sabuwa za su dawo gaba ɗaya. Pus galibi bai ɗaukar fiye da lambobi 250, kuma tare da wayar ake sace shi. Amma rumbun da ba ka da makullinsa, na wani ne. A shiga «Comptes» a ga sunan adireshin, a rubuta shi. Idan ba a san kalmar sirrin ba, a sake ta tun wayar tana hannu, a kuma tabbatar lambar da aka ɗaura wa adireshin don farfaɗo da shi taka ce, ba ta yaron shago ba. Tun daga 2015, wayar Android da aka goge da ƙarfi takan tsaya ta ce sai an saka adireshin da ke kanta a da. An yi haka ne don a hana ɓarayi, amma masu wayar da ba su san adireshinsu ba su ma suna faɗawa, su koma wurin mai gyara su biya don a buɗe musu kayansu. Mai sayen waya ta hannu kuma ya sa mai sayarwa ya cire adireshinsa a gabansa kafin kuɗi su fita.

Lamba ta ƙarshe da ya kamata a rubuta ita ce IMEI. A danna *#06# kamar za a yi kira, lambobi 15 za su fito. Waya mai pus biyu tana da guda biyu. Ita ce shaidar wayar kanta, ba ta canzawa don an sake pus, kuma ita ake tambaya a komisariya. Hotonta a cikin wayar ba shi da amfani, tare za su tafi. PUK da IMEI da sunan adireshin Gmail, a takarda ake rubuta su, a ajiye inda ake ajiye takardun haihuwa.

Satar da ba a taɓa waya

WhatsApp ana sace shi waya tana hannun mai ita. Dabarar ba ta da wuya. Ɗan damfara zai saka lambarka a wayarsa, WhatsApp ya turo maka lambobi 6 ta SMS. Sai ya kira ka da ladabi: wai daga wata ƙungiyar agaji yake, sunanka ya fito a jerin masu samun tallafi; ko wai za a saka ka a gurup na ƴan garinku; ko wai ya yi kuskure saƙonsa ya faɗo layinka, don Allah ka karanto masa. Kana karantawa, WhatsApp ɗinka ya rufe a wayarka ya buɗe a tasa. Kafin la'asar ya bi gurup-gurup da hotonka da sunanka: «Ina asibiti, a taimaka mini da jika 20, gobe zan mayar.» Wanda ya fi yarda da kai shi zai fara aikawa. Dokar 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci a kan irin wannan, amma kuɗin da aka cire a wani gari da wuya su dawo.

Babu wani kamfani, ko banki, ko ƙungiya da ke da dalilin tambayarka waɗannan lambobi. Duk wanda ya tambaya, ko da muryar malami ya zo, a kashe waya. Bayan haka a ƙara sakata ta biyu: a cikin WhatsApp, ɗigo uku na sama, «Paramètres», «Compte», «Vérification en deux étapes». Za ka zaɓi lambobi 6 naka na kanka, waɗanda ba a turo su ta SMS. Ko ɓarawo ya samu kod ɗin farko, zai tsaya a nan. WhatsApp yakan tambaye ka su jefi-jefi. Ba lalacewa ya yi ba, tuni yake maka. A leƙa kuma «Appareils connectés». Ana iya haɗa WhatsApp guda da wasu na'urori har 4, kuma minti ɗaya ya ishi mai gyara ko wani na gida ya haɗa naka da tasa, ya riƙa karanta komai. Duk abin da ka gani a jerin ba ka san shi ba, ka cire.

Tunda an shigo nan, a gyara abin da ke cinye mega. Ana yawan zagin kamfanonin waya cewa forfe na mako ya ƙare cikin kwana biyu, alhali sau da yawa gurup ne suka sha shi: kowane hoto da bidiyon biki da wa'azi da aka tura, waya tana saukewa da kanta ko ba ka buɗe ba. A «Stockage et données» a cire alamar saukewa ta kai-tsaye daga hotuna da bidiyo da takardu. Saƙon murya zai ci gaba da shigowa. A Play Store a ce sabunta manhajoji sai da Wi-Fi. Mutanen bakin iyaka, irin su Ƙonni da Ɗan Isa da Magarya da Gaya, suna da ƙarin nasu: waya takan tsallaka ta kama rezon Najeriya mutum yana zaune a ɗakinsa, a yi masa lissafi da farashin matafiyi. A kashe «Itinérance des données», a kuma zaɓi rezo da hannu maimakon a bar wa waya zaɓi.

Idan ƙaddara ta faɗa, waya ta ɓata, akwai abin da ke gaba da wani. Ba komisariya ake fara zuwa ba, layi ake fara rufewa: a ari waya a kira kamfani, ko a ruga ajans, domin kowace awa da pus ya yi a raye a hannun wani, saƙonninka yake karɓa. Sannan a je wurin ƴan sanda ko jandarmomi da IMEI a yi takardar shaidar ɓata. Da ita da katin shaida ake karɓo sabon pus mai tsohuwar lamba. Wanda ya san adireshin Gmail ɗinsa zai iya shiga ta wata waya ya ga inda tasa ta yi magana da intanet a ƙarshe, ya kulle ta, ko ya goge ta daga nesa. Ganin wurin a taswira ba izinin zuwa ƙwato ta da kai ba ne. A kai wa hukuma.

WhatsApp kuma, da zarar lambar ta dawo hannunka, ka sake saka ta, sabon kod ya shigo, ɓarawo zai fita da kansa. Sai dai idan ya riga ka kafa sakata ta biyu da lambobinsa, WhatsApp zai sa ka jira kwana 7 kafin ka shiga. A cikin kwanakin nan a kira ƴan uwa da abokan ciniki baki da baki, a sa wani ya yi shela a kowane gurup da kake ciki, cewa duk saƙon neman kuɗi da ya fito daga lambar ba daga gare ka yake ba.