Fakewa bayan wani a kan keke: sauƙin da ake samu, da inda haɗarin yake

Duk wanda ya saba bin hanya tsakanin Cadakori da Tibiri ko Maraɗi da sassafe a lokacin hunturu ya san wannan hoton: masu keke huɗu ko biyar a jere, kowa ya sunkuyar da kai, tayar gaban wannan kamar za ta taɓa tayar bayan wancan. Wasu ƴan makaranta ne, wasu kuma ƴan kasuwa da buhu ko jarkoki ɗaure a kariya. Babu wanda ya koya musu wannan jeri. Ƙafa ce ta gaya musu cewa bayan wani ya fi sauƙin tuƙi.

Dabarar ita ce ginshiƙin tseren keke a duniya, daga gasar Tour de France da aka fara a 1903 har zuwa Tour du Faso na maƙwabciyarmu Burkina Faso, wanda aka soma a 1987. Sai dai ƴan tsere suna yin ta ne a kan hanyar da jami'an tsaro suka rufe musu, da birki mai ci, da hular kwano a ka, da ƙa'idojin da kowa a ayarin ya haddace. Mai keken Cadakori kuwa yana yin ta ne tsakanin amalanke, kabu-kabu, awaki da manyan motoci.

Iska ce abokiyar karawa

A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya ɗan yi ƙarfi, mafi yawan ƙarfin mai keke yana tafiya ne wajen ture iskar da ke gabansa. Idan gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Abin da ake lissafawa kuma shi ne gudun mutum haɗe da na iskar da ke bugun fuskarsa. Wanda ke tafiyar kilomita 15 a awa, iskar hunturu mai gudun kilomita 15 na fuskantarsa, jikinsa na jin turjiyar da mai gudun kilomita 30 ke ji a ranar da babu iska. Shi ya sa ko mai ɗauke da buhun gero, wanda ba tsere yake yi ba, yana jin bambanci idan ya shiga bayan wani.

Na gaba yana tsaga iska, sai ya bar wani ɗan gurbi a bayansa inda iskar ba ta da ƙarfi. Wanda ya shiga gurbin nan kusa-kusa kan rage wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na wahalar iska. A cikin babban ayari, wanda Faransawa ke kira peloton, abin ya wuce haka nesa. A 2018, wani bincike da Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holan ya jagoranta, kan ayarin masu keke 121, ya nuna cewa waɗanda ke can ciki wajen baya turjiyar da suke sha ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da mai tafiya shi kaɗai ke sha ba. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a Tour de France na 2024, yakan wuni ne a ɓoye bayan abokan ƙungiyarsa, ba ya fitowa cikin iska sai a ƴan mitocin ƙarshe.

Lissafin da ba a cika yi ba

Mai gudun kilomita 30 a awa yana cin fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa. Mai kilomita 20 yana cin wajen mita 5 da rabi. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da hannu ya matse birki, rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa guda kan wuce ko ga mai lafiya da bai gaji ba. To wanda ya bar rabin mita tsakaninsa da na gaba, idan na gaban ya taka birki kwatsam, babu wani saurin hannu da zai cece shi. Abin da ke riƙe da jerin shi ne yarda cewa na gaba ba zai yi abin ba-zata ba, kuma zai faɗi abin da ya gani. Wato na baya ya ba da aron idonsa ne ga na gaba.

Babban kuskuren da ke kayar da mutane shi ne barin tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ake bi. Muddin tayoyin sun haɗa gefe, da na gaba ya ɗan kauce wa rami ko kashin shanu, sai ya share tayar na baya. Kuma kusan kullum na bayan ne ke faɗuwa. Dalili kuwa shi ne keke yana tsayuwa ne da ƴan juye-juyen da tayar gaba ke yi: idan ka karkata hagu, kai kan keken hagu kake yi ba tare da ka sani ba, ka dawo daidai. Idan tayar wani ta tokare wannan gefen, hanyar gyarawa ta toshe, sai ƙasa. Na gaba wani lokaci ɗan girgiza kawai zai ji. Na uku da na huɗu kuma su hau kan wanda ya faɗi.

Don haka sabon shiga ya bar tazarar tsawon keke guda, ko da sauƙin da zai samu ya ragu. Kusantar da ta kai tsawon taya ɗaya sai tsakanin waɗanda suka saba tafiya tare, a kan kwalta mai kyau. Kada kuma a zuba wa tayar na gaba ido. A riƙa duban hanya ta saman kafaɗarsa ko ta gefensa, yatsu na kan birki. Idan an ga ana cim masa, a daina juya feda ko a ɗan fito gefe iska ta rage gudun. Matse birki da ƙarfi a tsakiyar jeri kamar jefa dutse ne ga na bayanka.

Hunturu na da nasa sha'ani

Gurbin fakewa ba kullum yake daidai bayan mutum ba. Yana komawa ne ɓangaren da iska ta nufa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, a Nijar kuma hannun dama ake bi. Wanda ya nufi arewa, wajen Dakoro, iskar na bugunsa ta gaba da dama, saboda haka inuwarta na bayan na gaba ta hagu, wato wajen tsakiyar hanya. Mutum na biyu ya ɗan matsa hagu, na uku ya ƙara, kafin a ankara na biyar yana kan layin motocin da ke tahowa. Wanda kuma ya kama babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ya nufi gabas, ta Cadawa zuwa Age da Gazawa, iskar ta hagu take zo masa, sai jerin ya riƙa gangarawa dama, inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara. Taya siririya idan ta shiga rairayi da gudu, ba ta neman shawarar mai ita.

Ƴan tsere na yin irin wannan jeri na karkace daga wannan baki na hanya zuwa wancan, amma hanyar tasu ce su kaɗai. A kan hanyar kowa da kowa, mutum biyu ko uku sun isa jeri ɗaya idan iska ta gefe ce. Sauran su kafa nasu a baya. Haka kuma akwai sarari da direban mota zai shiga idan ya wuce rukuni ɗaya ya tarar da wata motar na tahowa.

Ladabin tafiya tare

A nan, a ganina, al'adarmu ta riga littattafan Turawa. Ba a shiga gidan mutum babu sallama, haka ma bai kamata a manne wa tayar wanda ba a sani ba a yi shiru. Wanda bai san ana bin sa ba zai iya tsayawa gaisawa da wani a bakin hanya, ko ya juya ya shiga gona, ko ya tofar da yawu. “Salamu alaikum, Malam, ina bayanka” ta wadatar. Idan ya nuna ba ya so, a ja baya ko a wuce shi. Mace ko yarinyar da ke tafiyarta ita kaɗai kuwa, namijin da ba ta sani ba ya manne mata a baya abin tsoro ne, komai kyawun niyyarsa.

Sai batun karɓa-karɓa. Wanda ya sha inuwa kilomita goma, aka zo bakin gari ya fito ya wuce da gudu, ko a wajen ƴan tsere ba a ganinsa da mutunci. Faransawa na ce wa irinsa mai tsotson taya. Wanda ba shi da ƙarfin ja ya faɗa, yawanci babu mai jin haushi, musamman idan dattijo ne ko yaro. Wanda ya karɓi gaba kuma kada ya ƙara gudu don nuna ƙwanji, ya riƙe gudun da ya tarar. Idan zai sauka, ya waiga ya tabbata babu mota, ya yi alama da gwiwar hannu ko da baki, sannan ya koma baya.

Aikin na gaba ya fi na kowa nauyi. Shi zai nuna rami da hannu ko ya kira sunansa, ya ce “jaki”, “rairayi”, “zan tsaya”, tun da sauran nisa, na biyu kuma ya miƙa maganar baya. Ya kauce wa abu a hankali, ba fizge ba. Akwai wani ƙaramin abu da ko ƙwararru ke mantawa: idan mutum ya tashi daga sirdi ya miƙe kan feda, keken kan ɗan ja baya a ƙarƙashinsa na ɗan lokaci, wanda ya isa ya haɗa tayoyi.

Keken da ya yi lodi kuwa a ba shi girmansa. Itace, kara ko harawa da suka fito gefe suna tare gani gaba ɗaya, igiya na iya tsinkewa, jarka na iya faɗowa. Mai lodi ma da kansa ya fi buƙatar tazara, domin nauyi na ƙara nisan tsayawa, ga shi birkin tsofaffin kekuna da yawa sai an taimaka masa da silifa.

Bayan babbar mota

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne samarin da ke shiga bayan tirela ko motar kaya, musamman inda ta rage gudu a shingen jandarmomi ko kan tudun rage gudu a shigar gari, wasu har su kama ƙarfen bayanta. Gaskiya ne mota na jan keke da gudun mamaki. A 2018 wata Ba'amurkiya, Denise Mueller-Korenek, ta kai kilomita 296 a awa a kan keke bayan wata motar tsere. Amma a fili ne na gishiri da babu kowa, da mota da aka ƙera don aikin, da direba da suka yi ta atisaye tare.

Direban tirela ba ya ganin wanda ke manne a bayansa, madubinsa ba ya kaiwa wurin. Birkinsa ya fi na keke ci nesa ba kusa ba. Ramin da motar ta ratsa tsakanin tayoyinta zai bayyana ne a gaban mai keke lokacin da ba a iya komai. Ga ƙura da tsakuwa a ido. Wanda kuma ya gaji ya fito daga bayan motar, iskar da aka tare masa za ta buge shi gaba ɗaya, kuma bai ga abin da ke tahowa ba. Ko a gasa haramun ne: a gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 23 da aka yi a Ingila a 2019, Nils Eekhoff na Holan ne ya fara tsallake layi, amma aka soke nasararsa saboda ya daɗe yana fakewa bayan motar ƙungiyarsa bayan ya faɗi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Mai keken da ya bugu da ka a ƙauye, sai an nemo abin hawa kafin a kai shi babbar likita a Maraɗi.

Akwai lokutan da ya kamata a warware jerin baki ɗaya: cikin gari da kasuwa, da magariba ta yi ga keken da ba shi da fitila, ranar da ƙurar hunturu ta rufe gani, da kuma cikin ruwan damina. Robar birki a kan jiƙaƙƙen ƙarfen taya ba ta kamawa sai tayar ta yi ƴan zagaye ta share ruwan, a gudun kilomita 20 kuwa zagaye uku kaɗai ya haura mita shida.